Ranar da Maƙeran Wurma Suka Yi wa Haruna Numfashi

Cikin duk shekarun da na yi ina aikin asibiti, akwai wata ranar kasuwar Kurfi da washegarinta da ba su taɓa fita raina ba. Nakan tuna da su duk lokacin da na leƙa ɗakin kulawa ta musamman na tarar da ku, ƙannenmu na yanzu, tsaye gaban na'urar numfashi ana shawarar a bar ta ko a kashe ta. Wasunku sun sha tambayata yadda muke yi a da, lokacin da babu na'urar. Kun san ni ba mai iya magana cikin taro ba ne, shi ya sa na ga gara in rubuta.

Abin ya faru ne a farkon wata damina, 'yan shekaru bayan samun mulkin kai, tun asibitocin karkara suna hannun En'e. Ina ɗalibi a makarantar horon malaman asibiti, aka turo ni Dutsin-Ma sanin makamar aiki. Asibitin ƙarami ne: ɗakin ba da magani, ɗakin kwanciya na maza da na mata, sai wani ɗaki da muke kira tiyata, ko da yake yawancin kwanaki a kulle yake. Babu likita zaunanne. Mai riƙe da wurin shi ne babban malamin asibiti, Malam Sule. Ƙarƙashinsa akwai ungozoma, da mai wankin ciwo, da leburori, sai ni a can ƙasa. Likita yakan zo ne zagaye daga Katsina, ya yi aikin ƙaba da makamantansa, ya wuce gaba. Wanda ke zuwa a lokacin wani Bamisre ne, dogo, mai saurin tafiya, Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba. Malam Sule yana jin Turanci sarai, amma ya ce kunnensa ba ya kama irin na Bamisren, don haka ya ɗora mini tafinta. Wai tunda kullum hancina cikin littafi yake, bari a ga amfanin abin. Ɗan Takarda yake ce mini.

Cikin kayan da likitan ke yawo da su akwai akwatin maganin sa barci, kuma tare da shi akwai wani abu da ya kamata in yi bayaninsa, don a kansa labarin yake. Wata jakar roba ce mai ninki-ninki, zaune a kan faranti, da mariƙi a samanta. In ka ja mariƙin sama sai ta sha iska, in ka danna ƙasa sai ta tura iskar ta cikin bututu zuwa huhun mutum. Ba lantarki, ba inji. An yi ta ne don ɗan lokacin da ake yi wa mutum aiki yana barci. Muddin hannu na motsi, mutum na numfashi.

Ranar da nake magana, likita ya gama aikin safe ke nan yana wanke hannu, sai ga motar kasuwa ta shigo har bakin baranda. Aka sauko da wani mutum a kan ƙyauren ƙofa. Sunansa Haruna, maƙeri ne daga Wurma, magidanci mai ƙarfin jiki. Ya kai galma da fartanya kasuwar Kurfi, ruwan da aka kwana ana yi ya jiƙa katangar da ya jingina rumfarsa da ita, ta rufto masa a ka. Wanda ya biyo shi a motar ƙanensa ne, Isuhu, siriri, da tabon ƙuna a bayan hannuwansa. Haruna bai san inda yake ba, numfashinsa yana sama-sama, kuma muna cikin yanke masa riga ya tsaya gaba ɗaya.

Likita bai tsaya shawara ba. Ya buɗe bakin Haruna, ya zura bututun roba a maƙogwaro, ya haɗa da jakar, ya fara dannawa. Ƙirjin Haruna ya ɗaga, ya sauka. Leɓɓansa da suka fara baƙi suka dawo. Likita ya ce da mu jini ne ko kumburi ya danne ƙwaƙwalwa, wani lokaci kumburin yakan sauka mutum ya kama numfashi da kansa, wani lokaci kuwa ba ya sauka. Malam Sule ya tambaya ko a kai shi Katsina. Likita ya ce hanyar da ruwa ya ɓata za ta ƙarasa shi kafin a isa, kuma ko an isa, can ma hannu ne zai yi wannan aikin. Sai dai mu jira mu gani.

Jira kuwa yana nufin dannawa ba tsayawa, ga mu 'yan kaɗan, ga marasa lafiya cike da baranda. Na karɓi likita, mai wankin ciwo ya karɓe ni, na sake karɓarsa. Kafin la'asar kafaɗata ta fara zafi. Duk wannan lokacin Isuhu yana tsugune a bakin ƙofa, ba fuskar wansa yake kallo ba, hannuna yake kallo. Can ya matso ya ce, a hankali, "Malam, wanga abu ai zuga ce. Ni ka yi wa Yaya zuga tun ina yaro. A ba ni."

Na fassara wa likita. Ya dubi hannuwan Isuhu, ya dubi barandar, ya yarda. Ya ce in gaya masa abu ɗaya da kyau, na kuwa gaya masa yadda aka faɗa: wannan mariƙin shi ne numfashin ɗan'uwanka, in hannu ya tsaya ya tafi. Isuhu ya ce ya ji.

Da ya kama, sai ya shiga yi da sauri-sauri, yadda ake tayar da gawayi. Ƙirjin Haruna bai gama sauka ba ya sake cika shi. Na riƙe wuyan hannunsa na ce ba wuta ake hurawa ba, ya bi numfashinsa na kansa: in ya ja iska ya danna, in ya saki ya ɗaga, ya ɗan dakata. Ya sha wuya kafin hannun ya yarda, don shekara da shekaru saurin ya sani. Amma da ya kama, sai ya zauna a kai daram.

Labari ya koma Wurma da masu cin kasuwa. Kafin rana ta faɗi maƙera suka fara isowa, wasu a kan jaki, wasu a ƙasa, daga Wurma da Kurfi har da Barkiya. Lokacin shuka ne, lokacin da manoma ke layi a ƙofar maƙera, amma suka kashe wutarsu suka taho. Jagoransu Baba Magaji ne, ƙanen mahaifin su Haruna, tsoho mai faɗa da dariya a haɗe. Shi ya tsara su, ba mu ba. Ya ce kowa zai karɓa in na gabansa ya gaji, ba a sakin mariƙi sai hannun mai karɓa ya hau kai, kuma kowa sai ya bi ta wurina na koya masa. Kusan duk kuskuren Isuhu suka yi. Baba Magaji yana zaune a tabarma yana yi musu tsawa, wai ɗan'uwansu ne kwance ba galma ba, in suna son narka shi su faɗa. Maigadinmu Buzu ne, kuma tsakanin Buzaye da maƙera akwai wasa, sai ya leƙo ya ce ashe yau bayinsa ne suka zo gaishe shi gaba ɗaya. Baba Magaji ya ce tunda bawa ya ga iyayen gijinsa, ya je ya kawo ruwan alwala. Maigadi ya tafi yana zage-zagen wasa, ya dawo da tulu cike, ya kuma kawo nasa shayin.

Haka aka kwana. Aikina shi ne jin bugun jini, da awon jini, da share ruwan da ke taruwa a bututu. In lokacin salla ya yi, wanda ke kan mariƙi ya miƙa wa wani, ya je ya yi, ya dawo. Mata suna ƙarƙashin bishiyar bedin da ke bakin asibiti, har da Binta matar Haruna. Ni kaina, duk da abin da na karanta, na fara sa rai. Wuya ne ka ga mutane irin waɗannan sun haɗa hannu ka yarda aikinsu zai tashi a banza.

Da safe likita ya zo ya duba. Zan faɗi abin da ya yi bi da bi, don kusan shi kuke yi har yau. Ya buɗe idon Haruna ya haska tocila, baƙin idon yana buɗe, bai motsa ba. Ya taɓa ƙwayar idon da auduga, bai ƙifta ba. Ya matsa saman girarsa da ƙarfi, ya motsa bututun a maƙogwaro, babu tari, babu ko yatsina. Sannan ya sa a dakata da dannawa na ɗan lokaci, ya ɗora tafin hannunsa a kan ƙirji yana jira. Ƙirjin bai ko gwada ɗagawa ba. Ya ce a ci gaba. Awon jinin da nake yi yana ta sauka tun asuba, ƙafafun sun yi sanyi. Ya sake yin duk wannan bayan azahar, ya sami abu ɗaya.

Ya kira ni da Malam Sule ofis. Ya ce ƙwaƙwalwar ta riga ta mutu, ba za ta dawo ba. Zuciya tana bugawa ne saboda iskar da ake ba ta, ita ma tana kan hanyar gajiya, ko yau ko gobe. Ci gaba ba jinya ba ce kuma, tsare mutum ne a bakin ƙofa. Ya ƙara da cewa jakar ita kaɗai gare shi, in aka kawo mai naƙuda da ke bukatar aiki ba shi da abin yi mata. Malam Sule ya juyo ya ce mini, "Ɗan Takarda, wannan na ƙarshen namu ne. Kada ka fassara wa danginsa." Likita ya gane, ya gyaɗa kai.

Aka kira Baba Magaji da Binta da limamin masallacin da ke kusa da mu, a bakin gadon, don Isuhu ne a kan mariƙi kuma likita ya ce ba za a yi maganar a bayansa ba. Ni na fassara. Likita ya ce hukuncin nasa ne, shi ya duba, shi zai amsa a gaban hukuma da gaban Allah, kuma shi zai karɓi mariƙin da hannunsa. Liman ya yi tambayoyinsa, ya ji amsa, sannan ya ce rai na Allah ne, neman magani wajibi ne muddin akwai magani, amma in masana sun tabbatar babu komowa, barin abin ba kisa ba ne. Baba Magaji ya yi salati, ya share fuska da hularsa, ya ce sun gode, sun ga an yi iyakar yi. Binta ba ta ɗaga kai ba, ta ce ta yafe wa mijinta, Allah ya yafe musu baki ɗaya.

Kowa ya yarda. Isuhu ma ya ce ya ji, ya ce gaskiya ne. Amma hannunsa bai tsaya ba.

Likita ya miƙa hannu zai karɓa, Isuhu ya kare mariƙin da kafaɗarsa. Wani maƙeri ya ce ya kawo ya taya shi, ya girgiza kai, don ya san duk wanda ya karɓa yanzu saki zai yi. Baba Magaji ya ce, "Isuhu, ni ubanka ne. Na ce ka ɗaga hannu." Aka gaya mini daga baya bai taɓa mayar wa tsohon magana ba a rayuwarsa. Ranar ya ce, "Ka yi haƙuri, Baba. Ba kai nika yi wa zuga ba."

Muka fita baranda. Likita ya ce abu mafi sauƙi shi ne ya zare bututun daga jakar, Isuhu ya yi ta dannawa har ya gane. Malam Sule ya ce a'a. Ya ce in aka yi haka iskar za ta riƙa fita tana huci a hannunsa, kuma wannan hucin ba zai bar kunnensa ba har ya mutu. Sa leburori su ɗauke shi kuwa, ba wanda ya ko kawo maganar. Aka tsaya a kan a ba shi lokaci. Ni aka mayar ciki in ci gaba da jin bugun jini.

Na zauna a ɗaya gefen gadon, yatsuna a wuyan hannun Haruna. Ni da Isuhu ba mu ce wa juna komai ba, sai ƙarar jakar. Ina ganin da ni mai baki ne da na yi ta lallashinsa, da kuma bai ce komai ba. Shirun ne ya sa ya fara magana, idonsa a kan ƙirjin wansa. Ya ce mahaifinsu ya rasu yana ƙarami, Haruna ne ya zaunar da shi a bayan zugazugi. Abu na farko da ya koya masa shi ne ɗan zuga ba ya tsayawa da ganin damarsa. Ko ya gaji, ko hayaƙi ya shiga idonsa, ko ya ga kamar ƙarfe ya nuna, ba shi ke gani ba, mai maƙera ke gani. Haruna kuma ba ya cewa a tsaya da baki, sai dai ya ƙwanƙwasa guduma a gefen uwar maƙera. Wannan ƙarar yake jira. Ya ce, "Na san ba zai buga ba, Malam. Kaina ya sani. Hannun ne bai sani ba."

Ban yi niyyar wata dabara ba. Ni mutum ne mai son jin yadda ake yin abu daga farko har ƙarshe, sai na tambaye shi ko a duk shekarun nan babu lokacin da yakan tsaya ba tare da an buga ba. Ya danna, ya ɗaga. Ya ce sai dai in an kira salla. In ladan ya ɗaga murya ba a jiran guduma. Ko ƙarfe yana ja a cikin wuta, Yaya yakan ajiye awartaki, shi kuma ya saki zuga, don wanda ya fi mai maƙera ne ya yi kira.

Da ya faɗa, sai ya ɗago ya dube ni, karo na farko tun azahar. Shi ya tambaye ni ko la'asar ta kusa. Na ce ta kusa. Ya ce to a kira masa Baba da matar Yaya.

Na fita na gaya wa Malam Sule da likita. Likita ya duba agogonsa, ya cire shi ya sa a aljihu, ya ce za a jira. Ya shigo ya tsaya bayan Isuhu. Aka juya gadon ya fuskanci alƙibla, maƙera suka ɗaga shi a hankali don kada bututun ya motsa. Binta ta jiƙa auduga ta shafa wa mijinta a leɓe. Baba Magaji ya zauna wajen kansa yana maimaita kalmar shahada ƙasa-ƙasa. Sauran suka cika ƙofa da taga, maigadi yana bayansu ya sauke rawaninsa kan fuska.

Liman ya riga ya koma masallaci, kuma ba wanda ya aika a gaggauta ko a jinkirta. Lokacin babu lasifika, amma masallacin na kusa, muryar ladan ta shigo ta taga sarai. Na zaci da kabbarar farko zai saki. Bai saki ba. Ya ci gaba da dannawa yana amsa kiran, jimla bayan jimla, yadda kowa ke amsawa, sai dai hannun yana rage sauri. Da ladan ya kai ƙarshe, Isuhu ya amsa, ya danna mariƙin ƙasa a hankali har ƙirjin ya cika, ya bar shi ya sauka, ya ɗauke hannunsa ya ɗora a gwiwa. Likita ya sa nasa hannun a kan mariƙin, ya bar shi nan, don kowa ya ga a hannun wa abin ya ƙare.

Zuciya ba ta tsayawa nan take, kun sani. Na ci gaba da jin bugun a ƙarƙashin yatsuna, yana raguwa, yana tsallake, har na daina jin sa. Haruna bai motsa ba, fuskarsa ba ta canza ba. Likita ya saurari ƙirji da kyau, ya zare bututun, ya rufe masa ido, ya yi salati da Larabcinsa. Aka amsa masa daga ƙofa har baranda.

Isuhu yana zaune, hannunsa na dama yana ɗagawa yana sauka a kan gwiwarsa shi kaɗai. Ya dube shi, ya danne shi da na hagu. Sannan ya miƙe ya tambayi maigadi inda buta take. Baba Magaji ya bi shi, ya karɓi butar, shi ya zuba masa ruwan, don yatsunsa sun ƙi lanƙwasuwa.

Bayan na gama makaranta na yi aiki wurare da dama, daga ƙarshe na yi shekaru a ɗakin da kuke yanzu, na ga zuwan na'urori masu numfashi da kansu. Sun sauƙaƙa wa kafaɗa, amma ba su canza abin da na gani a Dutsin-Ma ba. Hukunci na likita ne, kuma dole ya faɗa da bakinsa cewa nasa ne, kada a bar dangi su ɗauka. Amma bayan an gama bayani, kowa ya ce ya yarda, kusan kullum akwai mutum ɗaya a ɗakin da hannunsa ke kan mariƙin, ko da bai taɓa na'urar ba. Wani lokaci ɗa ne, wani lokaci mata, wani lokaci ma ɗaya daga cikinmu. Ƙarin bayani ba ya sauke wannan hannun, gaggawa kuwa karya shi take yi. Ku neme shi, ku zauna kusa da shi, ku yi shiru har ya yi magana. In ya yi, ku tambaye shi yadda ake tashi daga aiki a gidansu.